Wushirya, Mai Haɗa Haƙora a Ɗakin Ƙasa

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya a shekarar 1961, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan layin masu gyaran agogo, a cikin garin da ta yi rayuwarta duka kuma aka binne ta. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tana ɗinkin kayan yara a kan keke a tsakar gida. Ita ce ta biyu a wurinsu, tana bin namiji. Littattafan tarihin manyan mutane sukan ambaci wata alama da aka gani a ranar haihuwarsu. A ranar tata ba a ga komai ba, an dai tabbatar cewa mahaifinta bai rufe shago ba. Da haƙoranta suka fito aka ga tazara a tsakanin na gaba, kakarta ta kira ta Wushirya, sunan ya bi ta har ya danne na ainihi.

An rubuta wannan tarihi domin jikokinta, da kuma masu yawan cewa ta yi sa'ar sana'a. Abin da ta nema a duniya guda ɗaya ne, ta kuma faɗe shi a gaban shaidu: kada ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya zauna a teburin da ta zauna. Abin da zai biyo baya bayani ne na abin da ta bayar domin wannan buri, da abin da aka ba ta.

Shagon mahaifinta bai wuce faɗin tabarma biyu ba, a can ta yi yawancin ƙuruciyarta tana miƙa masa hantsaki da ƙananan sukurori. Yana da wata 'yar roba mai siffar ƙwai da siririn bakin ƙarfe, wadda ake matsawa ta fesa iska, yana kiranta mahuri, da ita yake korar ƙura daga cikin agogo. Bai taɓa hure agogo da bakinsa ba, ya kuma taɓa buge mata hannu saboda ta yi haka, ya ce numfashin ɗan Adam yana da danshi, tsatsa yake sa wa ƙarfe. Tun a lokacin an san a gidansu cewa agogo abu ne mai rauni da ya wajaba a kiyaye.

Karatu

Ta shiga firamare a 1967, ta wuce sakandare a 1973, malamanta sun shaide ta da lissafi da kyawun zane. A 1977 yanar ido ta kama mahaifinta har ya daina ganin cikin agogo, a daidai shekarar da yayanta ya samu gurbi a jami'a. Dangi suka zauna suka gano cewa gidan ba zai ɗauki ɗalibai biyu ba. Ba a tambaye ta ba, amma an gode mata ƙwarai, wata gwaggo har da kuka.

Yayan ya gama karatunsa a kan lokaci, ya sa takardar shaidarsa a gilashi ya rataye, daga nan ake kiransa Yaya Mai Takarda. Zai sake bayyana a wannan tarihi, yawanci a ƙarshen wata.

Koyon sana'a

A 1978 wani dattijo ya kawo agogonsa gyara, ya tarar da uban yana ba da umarni da baki, yarinya kuma tana zaune tana mayar da wayar da ta fi gashi siranta. Ya daɗe yana kallon hannunta, sannan ya ce wa mahaifin yana neman irin wannan hannu. Shi mai haɗa haƙoran roba ne a asibitin wani likitan haƙori, ana kiransa Baba Na-Ƙasa, domin ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin asibitin.

Ana sauka ɗakin ta wani siririn matattakala a bayan ɗakin jiran majiyyata. Tagarsa ɗaya ce, a can sama, daidai da ƙasan titi, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, har marigayiya ta kai ga sanin mutanen unguwar ta takalmansu. Likita yakan ɗauki zubin bakin majiyyaci a sama a sauko da shi, a zuba filasta a fitar da siffar dasashi, a jera haƙora a kan kakin zuma, a dafa roba, daga baya a koma kan injin gogewa a daidaita kowane haƙori da abokin cizonsa. A wurin gogewar nan ƙura ke tashi, fara mai laushi, ta roba da ta ƙarfe da ta tangaran. Akwai fanka mai zuƙe ƙura a bango, amma idan aka kunna ta daɓen ɗakin jira yakan ɗauki rawa, Likita kuma ya lura cewa mai ciwon haƙori ba ya son ƙara. Saboda haka fankar ta zauna a kashe, cikin ƙoshin lafiya, shekara da shekaru.

A ranarta ta farko marigayiya ta zo da mahurin mahaifinta, tunda shi ya daina amfani da shi. Da ƙura ta cika ramukan haƙorin da aka ba ta, ta ciro shi tana matsawa. Baba Na-Ƙasa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce: "Ajiye abin wasan nan, 'yata. A nan a kan abin da hannu ya gama ake biya, baki kuma ya fi kusa."

Ya nuna mata yadda ake yi. A ɗaga haƙori kusa da fuska, hannun hagu ya janye ƙyallen da ke rufe hanci zuwa haɓa, a hure sau biyu gajeru ana juya shi tsakanin yatsu, a koma kan inji. Haka ake yi wa kowane haƙori, sau da yawa kafin ya gamu. Abin da ba a koyarwa, domin ba ya buƙatar koyarwa, shi ne cewa kafin mutum ya hura sai ya ja numfashi, fuskarsa kuma tana tsakiyar ƙurar.

Sana'ar ta karɓe ta. Kafin 1982 likitoci daga wasu asibitoci suna aiko da zubi suna cewa ita suke so ta yi, kuma abin da take samu ya zarce albashin Yaya Mai Takarda nesa ba kusa ba. Ita ta biya aikin idon mahaifinta, ita ta fitar da iyayenta daga haya. A wurin taron dangi kuwa, idan baƙo ya tambayi aikinta, yayan yakan riga ta amsawa ya ce tana ɓangaren lafiya. A bayan idonta yakan ce da yawun mutane take wasa.

Aure

A 1983 wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya faɗo daga keke ya karya haƙorinsa na gaba. Likita ya kira ta sama ta duba launi, ta kai malamin bakin taga, ta sa ya buɗe baki, ta gwada samfura, sannan ta sanar da shi cewa yana yawan shan shayi kuma yana tauna bayan biro. Ya ce bai zo duba ba, ta ce ai ba ta caje shi ba. An ɗaura musu aure a 1984.

Danginsa sun yi ƙorafi cewa mai digiri ya rasa wadda zai aura sai wadda ba ta gama sakandare ba. Bayan ta sake rufin gidan mahaifiyarsa kafin damina, suka gano cewa tana da tarbiyya. Ta kira shi Malam har ƙarshen rayuwarta, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci kamar yadda ake kiran ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Takan ce shi ya san abin da ya kashe dauloli, ita kuma ta san abin da za a ci gobe. Haƙorin da ta yi masa yana nan a bakinsa, shi kaɗai ne a cikinsu bai taɓa yi masa ciwo ba.

'Ya'ya da gida

Ta haifi namiji a 1986, ana kiransa Babba, sai mace a 1989, Ta-Tsakiya, sai Auta, ita ma mace, a 1994. A 1992 suka tare a gidansu na kansu. Ta kafa doka cewa ba yaron da zai taka matattakalar ɗakin ƙasa, ko da aike ne. Idan ta dawo daga aiki ba ta rungumar kowa sai ta cire kayan jikinta ta yi wanka, yaran suka tashi suna zaton uwarsu tana da ƙyanƙyami.

A 1997 Baba Na-Ƙasa ya rasu. Ya shafe shekararsa ta ƙarshe a zaune, an jingina shi da matasai, domin idan ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Iyalinsa sun ce asma ce, Likita ya ce tsufa ne. Marigayiya ta je gaishe shi, ta ga yadda yake jan iska kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi, ta dawo gida ba ta ci abinci ba. A ranar ta tara mijinta da mahaifiyarta ta faɗi burin da aka ambata a farko, ta ce duk 'ya'yanta sai sun yi jami'a sun zauna a ofis mai taga. Mijin ya ce to ita ma ta tashi daga teburin. Ta dube shi ta ce: "Malam, in na tashi yau, da albashinka za su yi jami'ar?" Mutum ne mai yawan karatu, amma bai ci karo da amsar wannan tambaya a ko'ina ba.

Ta dai gwada. Ta ciro mahurin daga aljihun tebur ta yi aiki da shi na wasu watanni. Abin da take gamawa a yini ya ragu, zangon makaranta ya zagayo, mahurin ya koma aljihu. Ta ce ko da ta yi niyya, hannun hagu yakan janye takunkumi ba tare da ya shawarci kai ba.

A 2001 Likita ya yi ritaya, ɗansa ya karɓi asibitin, wanda marigayiya ta sani tun yana rarrafe. Ɗan Likita mutum ne mai son ci gaba. Ya sa na'urar sanyaya ɗaki da talabijin a ɗakin jira, ya kawo aikin tangaran mai tsada wanda ya fi na roba ƙura, ya ƙara mata kaso, ya kuma sayi sabuwar fanka da ta fi tsohuwar ƙarfi. Da yake ta fi ƙarfi, ta fi ƙara. Ya ba da umarni a riƙa kunna ta bayan majiyyata sun watse, wato bayan an gama gogewa.

Ranar sana'o'i

Tari ya fara mata a 2004, da safe kawai, ta ce sanyi ne. A 2010 makarantar da mijinta ke koyarwa, inda Auta take aji biyar, ta shirya wa ɗalibai ranar sanin sana'o'i, aka rataye ƙyalle a bango mai cewa akwai ayyuka masu tsoka da ba sa buƙatar digiri. An gayyaci Ɗan Likita, shi kuma ya zo da marigayiya kamar yadda ake zuwa kotu da hujja. Zauren yana bene, ta tsaya sau biyu a kan matattakala tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Ɗan Likita ya yi jawabi mai daɗi. Ya nuna ta ya ce ga mace ba ta gama sakandare ba, tana da gida, tana da mota, 'ya'yanta suna jami'a, kuma ba malami ɗaya a wannan zaure da ke ɗaukar abin da take ɗauka. Shugaban makaranta ya tafa, saboda haka malamai suka tafa. Mijinta yana layi na uku, tarihi bai adana ko ya tafa ba. Da aka miƙa mata abin magana, ta jira numfashinta ya daidaita, ta ce: "Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma ku yi karatu, 'ya'yana." Ɗalibai suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Auta ta faɗa daga baya cewa a ranar ta fara sanin abin da uwarta take yi, a ranar kuma ƙawayenta suka fara girmama ta.

Jinya da barin aiki

A 2012 aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan huhu ya ɗaga hoton ya tambaya ko a wurin fasa dutse take aiki. Da aka yi masa bayani ya ce ƙurar ta zauna daram, ba maganin da zai fitar da ita, abin da ya rage shi ne a daina ƙara mata, kuma a daina yau. A lokacin Babba ya shekara uku da gama digiri a fannin mulki yana raba takardun neman aiki, ya kuma yi aure a cikin gidan, domin an ce aure yana buɗe ƙofa. Ta-Tsakiya tana shekarar ƙarshe. Auta ta samu gurbi a wannan shekarar. Mijin ya roƙe ta, ya yi fushi, ya kawo mata bayanai daga littattafai. Ta ce ya bari Auta ta gama, saura kaɗan.

Ta ƙara shekara biyar a teburin. Ɗan Likita bai yi sakaci ba, da ya ga tana shan wahalar hawa sai ya sa aka ajiye mata kujera a tsakiyar matattakala. Yaya Mai Takarda, wanda ya yi ritaya a lokacin, ya ci gaba da zuwa dubiya a ƙarshen wata, yana ba ta shawara ta riƙa shan zuma.

Auta ta gama digiri a fannin tattalin arziki, marigayiya ta halarci bikin a kan keken marasa lafiya, ta riƙe takardar da hannu biyu ta ƙi bari a naɗe ta. A 2017 ta bar aiki. An yi mata ƙaramar walima a ɗakin jira, aka ba ta agogon bango. Agogon yana jinkiri, ta buɗe bayansa ta gyara.

Shekarun ƙarshe

Daga 2018 numfashinta ya koma kan tukunyar iska, da siririn tiyo a hanci. Abin da aka tara ya fara narkewa, motar ta tafi, fanshon malamin makaranta kuwa an san girmansa. Ta-Tsakiya ta auri wani ya tafi da ita ƙasar waje, tana kira idan ta samu sarari. Babba yana jiran wani alkawari. Sai Auta ta sanar cewa ta samu aikin wucin gadi a wani ofishin inshora, marigayiya ta sa aka kira maƙwabta aka faɗa musu. Tambayarta ta farko ita ce ko ofishin yana da taga, Auta ta ce yana da ita.

Wata rana da la'asar a 2019, Auta tana raba mata ƙwayar magani biyu da wuƙa, gari ya ɗan manne a jikin rabin. Ta ɗaga shi kusa da fuska, hannunta na hagu ya tafi haɓa ya janye abin da babu shi, ta hure sau biyu gajeru tana juya shi tsakanin yatsu. Mijin yana wurin da jarida, bai ga komai ba. Marigayiya ta gani.

"Auta, hannunki na hagu me ya je yi a haɓarki?"

Auta ta sauke hannun, marigayiya ta ƙara tambaya.

"Tun yaushe kike sauka?"

"Tun da aka ce tukunya ɗaya ba ta isa." Ta ajiye wuƙar. "Mama, iskar nan da kike shaƙa saya ake yi. Na kai takardata ko'ina, ba wanda ya ce in zauna. Can ne kaɗai aka jawo mini kujera, suka ce hannunki ne da ni."

Marigayiya ta zare tiyon daga hancinta ta ajiye a kan matashi, ta ce in da wannan ake sayen ta, a mayar musu da kayansu. Mijin ya mayar mata, ta sake zarewa. Haka suka yi har rana ta faɗi, sannan jiki ya yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ta bar tiyon a inda yake. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Auta magana ba, tana karɓar magani daga hannunta tana kallon bango.

Bayan haka ta ce a kai ta asibitin. Babba ya goya ta ya sauka da ita matattakalar, mijin yana biye da tukunya. Teburin yana nan yadda ta bar shi, da gurbin da gwiwar hannunta ta ci a gefen katako, Auta kuma tana zaune a wurin. Marigayiya ta sa aka matsa da ita jikin bango, ta kunna fankar da hannunta. Daɓen sama ya ɗauki rawa, Ɗan Likita ya sauko da sauri ya ga wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, ya gan ta, ya rusuna.

Ta ce: "Likita, na yi wa mahaifinka aiki, na yi maka, ban taɓa roƙon komai ba. Wannan fankar, kada a kashe ta muddin 'yata tana ɗakin nan."

Ya dafa ƙirji ya ce: "Gwaggo, an gama."

Sannan ta buɗe aljihun teburin, ta laluba can ƙurya ta ciro mahurin, robar ta yi baƙi amma tana fesawa. Ta damƙa wa Auta ta ce: "Kakanki bai yarda a hure agogo da baki ba. Ki ɗauki kanki agogo." Auta ta yi alkawari, ta yi kuka, an kuma yi komai a gaban shaidu.

A 2020, shekarar da duniya gaba ɗaya ta koyi rufe hanci da baki, marigayiya ta leƙa titi ta taga ta ce ga shi an yi mata kara, sai dai an makara. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da aka ji, ta kuma biya ta da tari mai tsawo.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya karɓi ranta a farkon shekarar 2021, da hantsi, tana zaune an jingina ta da matasai, tana da shekara sittin ba kaɗan. An yi mata sallah a ƙofar gidan da ta saya, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tashar mota, kusa da mahaifinta. Jama'a sun taru sosai, da yawansu da aikin hannunta suka yi mata addu'a ba su sani ba. Yaya Mai Takarda ya karɓi gaisuwa a madadin dangi, ya shaida wa mutane cewa shi ne ya ba ta shawarar shiga sana'ar tun farko, domin ya hango abin da ke cikinta.

Ɗan Likita ya zo ta'aziyya da kansa, ya kuma sa aka rataye hotonta a ɗakin jira, tana murmushi wushiryar a bayyane, da rubutu a ƙasa cewa ga shaida ana yin arziki ba da digiri ba. Bayan wasu watanni mijinta ya je a duba masa wani haƙorin turmi da ke damunsa, ya zauna a ƙarƙashin hoton yana jiran layi. Wurin yana da sanyi da natsuwa, ana jin kowace kalma daga talabijin. Ya cire takalmi ɗaya ya ɗora tafin ƙafarsa a kan daɓe. Daɓen ba ya motsi.

Waɗanda ta bari

Ta rasu ta bar mijinta, malamin tarihi mai ritaya, da 'ya'ya uku da jikoki huɗu.

Babba, mai digiri a fannin mulki, yana zaune a gidan da matarsa da 'ya'yansa uku, an ce alkawarin da aka yi masa yana nan.

Ta-Tsakiya, mai digiri a fannin harsuna, tana ƙasar waje da ɗa ɗaya, tana aikin kula da tsofaffi, wanda shi ma ba ya buƙatar digiri. Ta ga jana'izar ta waya.

Auta, mai digiri a fannin tattalin arziki, tana haɗa haƙora a ɗakin ƙasa. Likitoci daga wasu asibitoci sun fara aiko da zubi suna cewa ita suke so ta yi. Ita ke ciyar da gidan, ita ke biyan makarantar 'ya'yan Babba, ta kuma ce dukansu sai sun yi jami'a. Idan ta dawo daga aiki ba ta rungumar kowa sai ta yi wanka.

Marigayiya ta kuma bar gida ɗaya, da agogon bango da ke tafiya daidai, da mahuri. An tsinci mahurin a tsakar gida, yara suna cika shi da ruwa suna fesa wa juna. Da mahaifin Auta ya tambaye ta yadda aka yi ya baro ɗakin ƙasa, ta ce: "Baba, yana cin lokaci." An wanke shi an shanya, yana nan a kan teburin da aka rubuta wannan tarihi, ana korar ƙura da shi daga kan littattafai.